Amsar Alhamis da Aka Lissafa wa Talata

Jiya da na fita alwala na ji ɗayanku yana ce wa ɗan'uwansa aikin sakatariya ya ƙare, wai yanzu ko akuya aka koya wa danna maɓalli za ta iya kiran taro. Ban ga laifinsa ba. Ku da aka turo mana daga lakol, makarantar boko, ku koyi aikin buro, wato ofis, iyakar abin da kuka gani ke nan: na buɗe ajanda, wato kalandar da ke cikin ordinata, kwamfutar nan, na zaɓi rana da lokaci, na jera sunaye, na tura. Kafin shayi ya huce sunaye sun fara zama kore. To ku jawo benci ku zauna. Ni Rabi, 'yar Gazawa, a kan kiran taro furfura ta same ni, kuma yau zan gaya muku abin da koren nan yake iya ɓoyewa.

Aikin farko da aka ba ni, a wani buro a Agye, takardar kiran masu gari ce zuwa taron rigakafin dabbobi. Wadda ta koya mini sana'a Madam Zule ce, doguwar mace mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Injin rubutu na ƙarfe muke da shi, wanda sai ka sa ƙarfin yatsa harafi yake fita. Ka jera farar takarda, ka bi ta da ta karbon, ka sake jerawa, har ta ƙasa da ƙyar ake karanta ta. Kuskure ɗaya, Madam Zule za ta zare su duka ta miƙo mini sababbi, ko ɗago kai ba ta yi. Ran nan da na gama aka buga hatimi, sai na jawo ƙyalle na fara rufe injin. Ta ce, "Ina za ki?" Na ce ai na gama. Ta ce, "Takarda kika buga. Sai mutum ya zauna a kan bencin can sannan ki ce kin kira shi."

Mai kai takardun Baba Nomau ne, ɗan aiken buro, wanda muke kira falanto. Yana da wata tsohuwar mobilet, ƙaramin babur, da ake jin tarinta tun daga bakin kasuwa. In ya dawo daga ƙauyuka, Madam Zule takan sa a ba shi ruwa, ta bar shi ya huta, sannan ta ce in zauna kusa in saurara. Sai ya fara: "Maigarin wuri kaza ya ce yana tafe. Amma na ga rago ɗaure a ƙofar gida, matar ɗansa ta sauka, kuma suna ya faɗo ranar taronku." Madam Zule ta dube ni ta ce, "Me ya amsa?" Na ce ya ce zai zo. Ta ce, "Cire shi. A nemi wanda zai wakilce shi." Wani kuma Baba Nomau ya ce, "Bai ce komai ba, tambayata kawai ya yi ko wane ma an kira shi." Madam Zule ta ce wannan zai zo, kuma da rigima zai zo, kada a zaunar da su kusa da juna. A nan na koyi sana'ar. Buga takarda wata biyu ya ishi mai hankali. Karanta amsa kuwa, na yi shekaru a gefen matar nan ina kuskurewa.

Daga baya na dawo gida Gazawa, na kama aiki a buron wata ƙungiyar manoma da ke da wakilai daga Gangara har Gidan Rumji. A nan kayan aiki suka yi ta sauyawa a hannuna. Injin ƙarfe ya koma ƙarƙashin tebur, ordinata ta hau. Sannan abokan aikinmu na Yamai, masu ba da tallafi, suka raba wa kowane wakili salula, aka buɗe masa adireshin mel, wato imel, aka ce daga yau ta ajanda za a riƙa kiran taro, su ma daga can suna ganin wanda ya amsa. A shekarar aka soke gurbin falanto, aka sayar da moton buro, babur ɗin da yake hawa. Shugabanmu Mushe Lawali, tsohon malamin lakol ne shi ya sa sunan Mushe, malam da Faransanci, ya bi shi, bai so ba. Amma ba shi ke riƙe da kasafin ba.

Ga yadda abin yake aiki, ku saurara da kyau. Gayyata tana isa ga mutum da gida uku: e, a'a, wataƙila. Duk wanda ya taɓa, salularsa za ta aiko da ɗan gajeren saƙo zuwa ordinata. Ajanda ce take tarbar saƙon tun kafin idona ya gan shi. Ta ɗauki kalma ɗaya, ta shafa wa sunan mutum launi, kore ga e, ja ga a'a, ruwan ɗorawa ga wataƙila, wanda bai amsa ba ta bar shi toka-toka. Sauran maganar ta tura ta wani lungu. Wata shugabar mata daga Sae Sabuwa ta taɓa danna e, ta rubuta a ƙasa cewa za ta zo in an aiko da mota don ƙafarta ta kumbura. Ajanda ta ji e, ta yi kore. Sai da na bi lungun nan da kaina na tarar da zancen ƙafa. Tun ran nan kowace safiya nake buɗe shi, kuma ku ma za ku riƙa buɗewa.

Taron bankin hatsi na wata kaka shi ya nuna mini mutanen launin nan. Malam Bawa, wakilin Gidan Rumji, dattijo Bagobiri, ruwan ɗorawa ya danna, kamar yadda yake yi kullum. Bai taɓa fashin taro ba, shi ne ma mai riga kowa isowa. Na ce, "Baba, don Allah ka riƙa danna e, mutanen Yamai suna ɗauka ba ka da tabbas." Ya ce, "Ɗiyata, na duba abin ga naku sama da ƙasa, ban ga gidan in Allah ya yarda ba. Wanga shi ne mafi kusa da shi." A taron nan kuma akwai wanda ya yi kore tun ranar farko, don kawai salula ta daina damunsa da tunatarwa, ba mu ga ƙeyarsa ba. Akwai wanda ya tura wa surukinsa gayyatar don ya karanta masa, surukin ya danna e, ajanda ta ƙara shi cikin mahalarta ba ta tambayi kowa ba, ranar taro ga baƙo yana neman kujerarsa da kwanon abincinsa. Akwai wanda ya amsa, amma ya taɓa wani ɗan gida na gefe da ke cewa kada a aika amsar, taro ya zauna a salularsa lafiya lau, ni kuma ina ganinsa toka-toka. Allo ya ce abu ɗaya, benci ya ce wani.

Abu na ƙarshe da za ku riƙe shi ne, in ka sauya ranar taro, ajanda tana goge amsoshin kowa, sunaye su koma toka, ta sake tura gayyata. Wannan hankali ne. Wanda ya yarda da wata rana ba lallai ya yarda da wata ba. Na daɗe ina yaba mata a kan wannan, har muguwar shekara ta zo.

A shekarar ruwa ya sauka da wuri. Aka yi shuka, gero ya fito ya kai tsawon yatsa, sai sama ta ɗauke. Rana ta ƙone shi a rami. Masu ɗan saura suka sake shukawa, shi ma ya bi na farko. Aka kai inda a ƙauyuka da yawa babu iri ko na cikin ƙwarya, wanda bai shiga ƙasa ba ya shiga tukunya. Sai mutanen Yamai suka samo irin gero mai saurin nuna, mota guda. Sharaɗinsu shi ne kowane wakili ya zo da kansa, ya faɗi buƙatar garuruwansa a gaban sauran, a raba, ya sa hannu, ya kwashi nasa nan take. Na kira taro ranar Alhamis ta mako mai zuwa.

Cikin wakilan akwai Sha'aibu, na ƙauyukan bayan Gangara, dab da iyaka. Manomi ne, magidanci mai 'ya'ya, ya yi lakol kaɗan, yana karanta Faransanci a hankali yana bin layi da yatsa. Mutum ne da in ya karɓi buhu goma zai dawo ya gaya maka gidan da kowace tiya ta shiga. Matsalar garinsu rezo ce, wato sabis ɗin waya. Kana zaune a zaurenka salula za ta yi maka barka da zuwa Najeriya, daga nan kuma ba abin da ke shiga ko fita. Sai ya fito Gangara ranar kasuwa yake samun saƙonninsa.

Ranar Asabar aka yi ruwa, ruwa na gaske, daga Gazawa har Tibiri. Da safiyar Lahadi Mushe Lawali ya zo har ƙofar gidana a kan ƙafa. Ya ce, "Madam Rabi, ƙasa ta jiƙe. In muka jira Alhamis laimar ta tafi. Na yi magana da Yamai, motar za ta iya isowa Talata. Ki buɗe buro ki sauya." Gaskiya ya faɗa, kowane manomi zai ce haka. Na sauya, sunaye suka koma toka, na zauna ina kiran mutane ɗaya bayan ɗaya da baki, don ban taɓa barin babban taro a hannun allo kaɗai ba. Na samu kowa ban da Sha'aibu. Salularsa ba ta shiga.

Litinin da safe na buɗe ordinata, sai ga sunansa kore. Na sake kira, ba ta shiga ba. Na ce wa Mushe Lawali har yanzu ban ji muryar Sha'aibu ba. Ya matso ya duba allo. Ya ce, "Amma ga shi ya amsa yau da safe, bayan mun sauya ranar." Na ce na gani. Ya ce, "To ya samu ke nan. Duk da haka a nemi ɗan kabu-kabu, ni zan biya." Na je tasha da kaina. Duk wanda na yi wa maganar sai ya girgiza kai, ya ce fadamar bayan Gangara ta cika, ba mai sa motonsa a ciki yau ko gobe. Na dawo na gaya masa. Muka dubi koren, muka ci gaba da shirin abinci da tabarmi.

Talata motar ta iso da hantsi. Wakilai suka cika rumfa, wurin Sha'aibu babu kowa. Muka jira har azahar. Masu nisa suka fara tsaye-tsaye, kowa yana so ya kai iri gida ya shuka da safe, direba kuma yana ta kallon sama. Malam Bawa ya miƙe ya ce a ware rabon mutanen iyaka a ajiye, shi ya san Sha'aibu, ba ya fashi haka kawai. Jami'in da ya rako motar, wani saurayi mai ladabi, ya ce ba shi da ikon barin buhu ba sa hannu, amma bari ya kira Yamai. A gabanmu ya kira. Suka buɗe ajanda daga can. Ƙa'idarsu ita ce, wanda bai amsa ba ana ɗauka gayyata ba ta same shi ba, a ajiye masa rabonsa na 'yan kwanaki. Wanda kuwa ya ce zai zo, bai zo ba, bai aiko da uzuri ba, rabonsa ya koma ga waɗanda ke wurin, don kada iri ya kwana a ƙasa damina tana wucewa. Suka tambaya wane launi ne sunansa. Saurayin ya dube ni. Na ce kore ne, amma ban ji shi da kunnena ba. Suka ce su abin da ke rubuce suke bi. Kafin la'asar motar ta zama fanko.

Alhamis da sassafe ina share tebur na ji ƙarar amalanke a ƙofar buro. Uku ne, na shanu, ƙafafunsu duk taɓo. Sha'aibu ya sauko da wandonsa naɗe har gwiwa, tare da wani tsoho da ake kira Baba Ɗan Jimo, ƙanen maigarinsu. Tun tsakar dare suka taso, sun zagaye fadama ta kan tudu. Sun zo da buhunan wofi a ninke da igiyoyi. Sha'aibu ya yi sallama yana murmushi, ya ce, "Madam, yau dai mun riga Malam Bawa." Ya leƙa rumfa, ya ga tabarmi a naɗe, ya ga ƙwayoyin gero da suka zube a ƙasa kaji suna tsattsaga. Murmushin ya tsaya.

Mushe Lawali ne ya gaya masa, a tsaye, bai ɓoye komai ba. Sha'aibu ya zaro salula daga aljihu, ya buɗe ya miƙo mini. Alhamis ce rubuce a ciki. Ya ce ranar kasuwa ya samu gayyatar, ya bari sai da ya koma gida ya karanta a natse ya danna e. Da safiyar Litinin ya hau tudu wurin mai cajin hasken rana, ya bar ta can ɗan lokaci, ya karɓo. Bai ga wani sabon saƙo ba.

Baba Ɗan Jimo ya ce a nuna masa abin da ya yi magana da bakinsu. Na juya masa allon, na sa yatsa a kan sunan. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ɗiyata, wanga ɗan koren shi ya ce mun ji Talata?" Na ce shi ne, Baba. Ya ce, "Wa ya tambaye mu?" Ya miƙe, ya fita, ya tsuguna kusa da shanu. Can na ga yana tsintar ƙwayoyin da kaji suka bari yana zubawa a hularsa.

Mai gyaran ordinata da ke zuwa mana daga Maradi shi ya warware mana abin daga baya. Amsar da Sha'aibu ya danna a gida ta kwana a cikin salula tana jiran rezo. Da ya hau tudu rezo ta leƙo na ɗan lokaci, amsar ƙarama ce, ta fita. Sabuwar gayyatar ba ta samu shigowa ba kafin rezo ta ɗauke. Ajanda kuma da amsar ta iso, sunan mutum da sunan taro kawai ta duba, ba ta kula cewa tsohuwar rana aka amsa ba. Ya ce akwai ajandar da ke ƙin irin wannan amsar, tamu ba ta ƙi. Mushe Lawali ya ce to ya gyara. Ya ce, "Mushe, ba ta lalace ba. Haka aka ƙera ta."

Mun rubuta wa Yamai, mun kira, mun sake kira. Suka ce sun fahimta, sun yi baƙin ciki, amma iri ya ƙare, kuma ko an samo wani lokacin shuka ya wuce. Abin da muka iya tarawa a cikin Gazawa bai cika amalanke ɗaya ba. Da shi suka koma. A garinsu magana ta tashi cewa Sha'aibu ya karɓi irin ya ƙetara da shi iyaka ya sayar. Da hanya ta bushe Mushe Lawali ya je da kansa, ya tsaya a ƙofar maigari ya yi bayani. Ya dawo murya a dushe. Ya ce wani magidanci ya tambaye shi, "Salular ta wa ce?" Ya ce ta Sha'aibu. Mutumin ya ce, "To in ta ce e, shi ya ce." Aka cire Sha'aibu daga wakilci. Gonakin can wasu aka watsa musu wake a makare, wasu ciyawa ta cinye. Maza suka fita cin rani tun gero yana tsaye a gonakin wasu garuruwa. Kafin kaka ƙauyukan suka aiko cewa sun fita daga ƙungiya, har yau ba su dawo ba. Sha'aibu ya sayar da sa ɗaya da ya rage masa, ya kai iyalinsa gidan surukai, ya yi kudu.

Kada ku ɗauka bayan wannan an sauya wani abu. An yi taro a kai, ta ajanda aka kira shi. Aka ce a riƙa bin kowace amsa da kiran baki, abin da dama nake yi. Falanto bai dawo ba, moto bai dawo ba. Rahoton da muke aikawa kowane wata har gobe yawan kore yake ƙirgawa, kuma da shi ake auna ko ƙungiya tana da rai. Wakilai sun gane haka, yanzu kowa kore yake dannawa da ya ga gayyata, kada a rage wa garinsa wani abu. Malam Bawa ya rasu, ruwan ɗorawa ya ɓace daga allona. Ni kuma an gaya mini in na ajiye aiki ba za a ɗauki wata ba, ɗayanku zai haɗa da nasa aikin, tunda abin danna maɓalli ne.

Bara na je tashar Gazawa raka ƙanwata, sai na ji an ce, "Madam Rabi." Na waiga. Wani mutum ne zaune a bayan motar Katsina, a kan kaya, rame, da ƙullin tufafi a cinyarsa. Sai da ya cire hula na gane Sha'aibu. Ya ce ya zo duba yara ne, zai koma, dako yake yi a wata kasuwar hatsi a can. Muka gaisa, na tambayi iyali, ya tambayi Mushe Lawali. Ya ce in gaishe shi, ya san ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ɗan kamasho ya fara buga jikin mota.

Ya ce, "Har yanzu ana kiran taro?"

Na ce ana kira.

Ya ce, "Ana zuwa?"

Na ce, "Ana amsawa dai."

Ya gyaɗa kai, ya mayar da hularsa, motar ta tashi.